Mastas a injiniyancin gine-gine: in bi tsarin gini ne ko in bi ƙasa?

Mai_Kwalkwali ya rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Shawara na zo nema, kuma ina roƙon a faɗa min tsagwaron gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Na yi digirin farko a injiniyancin gine-gine, na kuma yi 'yan shekaru ina aiki, wani lokaci a sayit, wani lokaci a ofishin zane. Yanzu na ƙudurta komawa mastas, sai dai na kasa tsai da ɓangare. Wanda hannuna ya faɗa a kai shi ne lissafin tsarin gini, bim da fila da dakin, da shi ma ake biyana albashi. Amma raina sai karkata yake yi zuwa ɓangaren ƙasa da harsashi. Ogana kuwa cewa ya yi duk shirme ne, in je in yi na gudanar da ayyukan gini, wai ta nan ake zama darakta, masu lissafi a gaban kwamfuta suke tsufa.

Ga abin da ke cin raina. In rahoton gwajin ƙasa ya zo ofishinmu, ba mai karanta shi daga farko. Shafin ƙarshe ake buɗewa a tsinto lamba ɗaya, a ce misali ƙasar za ta ɗauki matsin nauyi na kPa 150 a zurfin mita ɗaya da rabi. A zuba wa manhaja, ta ba da faɗin ƙafar kowace fila, a fitar da zane, oga ya buga hatimi. Jadawalin bohol, wato ramukan gwaji, da iyakokin Atterberg masu nuna danƙon ƙasa, da lanƙwasasshen zanen nan na matsewar laka, duk sun zama ado. Ba wanda ya taɓa ce min ga inda 150 ɗin ta fito, ni ma da na tambaya aka ce ai aikin mutanen lab ne.

Kwanakin baya aka kira mu duba wani ɗakin ajiye kaya da ba mu muka gina ba. Bangon kusurwa ya tsage, tsagar tana bin layin bulo tana hawa, ta fi faɗi a sama. Mai gadi ya ce da rani hannu yana shiga, da damina kuwa tana haɗe baki, sai kuma ƙofar ƙarfe ta riƙa cijewa. Aka yanko kankare aka gwada, lafiya lau. Aka duba rodi, ya cika. Muna tsaye da digirorinmu kowa yana kame-kame. Wani dattijo mai gwajin ƙasa ya sa aka tona gefen harsashin da diga, ya ɗebi ƙasar ya ɗiga mata ruwa, ya murza ta a tafin hannu har ta zama siririn zare ba ta gutsure ba. Ya ce laka ce mai kumbura. Ya nuna bishiyar da ke dab da kusurwar, ya nuna indararon da ke zuba a gindin bango, ya wanke hannunsa. Ban yi barci sosai a daren nan ba, don na ga akwai rabin sana'ata da ban san komai a kai ba.

To wanne zan ɗauka? Kuma mai darussa zalla zan nema ko mai bincike? Wasu ma na cewa in bari sai na yi rajistar zama cikakken injiniya tukun. Wani abu kuma da nake jin kunyar faɗa a ofis: lissafina ya yi tsatsa, rabona da kalkulas tun ina makaranta. Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Rodi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni na fi kusa da oganka, ko da yake kalmar shirme ta yi nauyi.

Ka yi rajista tukun. Takardar mastas ba ta ba mutum ikon sa hannu a zane. A Amurka sai ka ci jarrabawar farko da ake kira FE, ka yi kamar shekara huɗu a ƙarƙashin mai lasisi, sannan ka zauna ta samun lasisi, wato PE, kuma jihohi da dama shekara ɗaya kacal suke rage wa mai mastas daga cikin huɗun. A Birtaniya lamarin ya ɗan sha bamban: wanda ke da digirin farko na BEng yana neman matsayin cikakken injiniya, wato CEng, ana son ya ƙara da mastas ɗin da aka tantance, ko ya nuna ya sami kwatankwacin ilimin a bakin aiki. Ka lura da kalmar tantancewa, don na san waɗanda suka gama karatu sannan suka gano kwas ɗin nasu ba ya cikin lissafi. Ka nemo ƙa'idar hukumar ƙasar da kake son yin aiki a cikinta ka karanta kafin ka cike fom ko ɗaya.

Sannan yawancin abin da ke kashe mutane a gini ba ƙarancin ilimi mai zurfi ba ne. Ka tuna otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a 1981. Hanyoyin tafiya biyu ne rataye, ɗaya a saman ɗaya. A zanen farko sandar ƙarfe guda ce ta taso daga rufi ta riƙe su duka. Wajen ƙerawa aka raba ta gida biyu don sauƙin aiki, ta ƙasa ta koma rataye a jikin ta sama, nauyin da ke kan mahaɗin saman ya ninka. Mutum 114 suka mutu, injiniyoyin suka rasa lasisinsu. Lissafin nan ɗan aji biyu zai yi shi a bayan ambulan. Mai duba zanen maƙera da nutsuwa aka rasa, wannan kuwa a bakin aiki ake koyonsa.

Shekara biyun da za ka yi a aji, abokan aikinka sun yi gaba. Ka sa wannan ma a sikeli.

Baba_Laka ya rubuta:

Injiniya Rodi ya yi gaskiya a kan rajista, ba zan ja da shi ba, ana ma iya tafiya da su biyun tare. Amma ɗana, ni abin da na ji a rubutunka ba neman muƙami ba ne. Wata lamba ce ta tsaya maka a rai kana son sanin asalinta. Irinku ne mastas yake yi wa amfani. Waɗanda suka zo don aiki ya ƙi samuwa, da wanda ya zo don a ƙara masa haruffa a kati, su ne suke shan wahala a zango na biyu.

Bari in gaya maka inda 150 ɗinka take fitowa. Ƙarfe a masana'anta aka yi shi, ya zo da takardar gwajinsa. Kankare kai ka haɗa, ka cika akwatin gwaji, kubu mai milimita 150, bayan kwana 28 ka fasa ka san ƙarfinsa. Ƙasa kuwa Allah ne ya shimfiɗa abarsa, ba a yi shawara da kai ba, kuma duk abin da ka sani game da ita ta ramuka huɗu ko biyar ne masu faɗin tafin hannu a fili guda. Wata rana ka je ka tsaya kusa da masu haƙa suna gwajin SPT, na buga bututu cikin ƙasa don a san taurinta. Guduma ce mai kilo 63.5, a sako ta daga tsayin milimita 760, a bar milimita 150 na farko, a ƙirga bugun da ya nutsar da bututu milimita 300 na gaba. A takarda ke nan. A fili za ka ga igiya ta tsufa tana cije gudumar, mai ja ya gaji bayan la'asar ba ya kai ta maƙura, gindin ramin bai sharu ba, ruwa yana tasowa ta ƙasa yana sassauta yashi. Mai rubutu ya rubuta bugu 18. Wannan 18 ɗin ce za ta bi ta cikin wata dabara ta fito maka a shafin ƙarshe da kwalliyarta. A mastas za a koya maka yadda ake gyara ta zuwa kashi 60 na ƙarfin bugu, da gyaran zurfi. Abin da ya fi wannan, za ka koyi ranar da za ka ce ban yarda da ita ba, a sake rami.

Ilimin nan yaro ne in ka gwada shi da na bim. Karl Terzaghi ne ya kafa shi, da 'yan kayan gwajin da ya harhaɗa da hannunsa lokacin yana koyarwa a Istanbul, littafinsa ya fito a 1925. Gindin maganarsa guda ce: nauyin da ka ɗora wa ƙasa rabawa ake yi tsakanin ƙwayoyinta da ruwan da ke tsakaninsu, ƙarfinta kuwa rabon ƙwayoyin kaɗai yake bi. Laka kamar jiƙaƙƙen soso take mai matsattsun ƙofofi. Ka ɗora mata gini, ruwan ne zai fara ɗauka, ya riƙa tsiyayewa a hankali, gini yana zama. Lokacin da hakan zai ci yana bin kaurin lakar sau kansa: in kauri ya ninka biyu, lokaci ya ninka huɗu. A lab samfurin da ake sawa a odomita, na'urar auna matsewar laka, kaurinsa milimita 20 ne, kana ninka masa nauyi duk bayan awa 24. Shimfiɗar laka mai mita 10 ta ninka shi sau 500, lokaci ke nan ya ninka sau 250,000. Abin da ya faru a awa ɗaya a gabanka, a ƙarƙashin gini sai ya ci shekara 28 da wani abu. Daga wannan ɗan faifan laka kake yi wa mai gini alkawarin abin da zai faru bayan ka yi ritaya. In hannun mai ɗebo samfurin ya murɗe shi a hanya, alkawarin ya tashi.

Kada ka ɗauka manya sun tsira. Japanawa sun gina filin jirgin saman Kansai a kan tsibirin da suka cike a tekun Osaka, aka buɗe a 1994. Lakar sama sun yi maganinta da turakun yashi masu tsotse ruwa. Ta can ƙasa mai zurfi ita ce ta wuce hasashensu, tsibirin ya nutse fiye da mita 10, har ginshiƙan ginin fasinjoji jak aka sa musu ana daidaitawa. Hasumiyar Pisa kuma, wadda aka fara a 1173, ta karkata kudu har aka rufe ta a 1990 tana wajen digiri 5.5. Kwamitin da John Burland na Imperial College yake ciki ba da ƙarfe ya rage karkatar ba. Dalma suka fara jibgawa a gefen arewa, daga baya suka riƙa zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin wannan gefen, suna aunawa kullum, suna canja inda za a zara gobe bisa abin da awon yau ya nuna. Samanta ya dawo da kamar santimita 45, aka sake buɗewa a 2001. Wannan salon na yi kana aunawa kana gyarawa Ralph Peck ne ya tsara ƙa'idojinsa a 1969, kuma har gobe ban ga manhajar da ta maye gurbinsa ba.

Kada in yi maka daɗin baki kawai. Ofisoshin ƙasa ba su kai na tsarin gini yawa ba. Za ka sha rana da taɓo. Masu gini da yawa gwajin ƙasa ne abu na farko da suke yankewa in kuɗi ya yi kaɗan, sai bango ya tsage su tuna da kai. Kuma lab ɗinmu ba ya sauri: gwajin tirayaksiyal ɗaya a laka, na matse samfur ta kowane gefe don a san ƙarfinsa, in za a bar ruwa ya fita yadda ya kamata, yana iya cinye maka mako. Wanda ba shi da haƙuri ya nemi wani ɓangaren.

Maganar gudanar da ayyuka, ba a makara da ita. Mai shekara 45 yana iya yi da yamma bayan ya tashi aiki, ya ma fi fahimta don ya sha rigimar kwangila. Lissafin ruwa a cikin laka kuwa ƙwaƙwalwar yanzu yake so.

Fila_da_Bim ya rubuta:

Baba, ranka ya daɗe, kun ja yaron nan gonarku da ƙarfi, bari mu ma mu ce wani abu.

Malam Mai Kwalkwali, abin da ka faɗa a kan 150 yana nan a namu ɓangaren, ba ka dai lura ba ne. Kullum kana ninka nauyin gini da 1.35, nauyin kaya da 1.5 in ƙa'idar zane ta Turai, Eurocode, kake bi, ko 1.4 da 1.6 in ofishinku yana riƙe da BS 8110 da Birtaniya ta janye tun 2010. Daga ina suka fito? Me ya sa ake raba ƙarfin kankare da 1.5 amma na rodi da 1.15? Me ya sa ƙarfin da ke kan zane shi ne wanda kashi 5 cikin 100 kawai na samfura za su gaza kaiwa? Duk lissafin yiwuwa ne a ƙasa, kuma a digirin farko haddace su aka sa mu yi.

Ga kuma manhaja. A 1991 ƙaton dandamalin haƙar mai na kankare, Sleipner A, ya nutse a ruwan Norway ana cikin gwajin nutsar da shi. Da aka bincika, an yi amfani da hanyar nan ta FEM, wadda ake yayyanka gini ƙanana-ƙanana a kwamfuta a lissafa kowane yanki, amma yankan bai yi kyau ba a mahaɗar bangaye. Ƙarfin da ke neman tsarge bangon ya fito ƙasa da gaskiya da kusan rabi, rodin da aka sa bai isa ba. Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, launuka masu kyau ta bayar. Wanda ya zauna ya gina matiris ɗin, wato jadawalin lambobin lissafin, da hannunsa sau ɗaya a aji, ya ga yadda siffar yanki ke ɓata amsa, ba zai sake kallon launukan nan da ido ɗaya ba.

Gadar Millennium ta Landan an buɗe ta 10 ga Yunin 2000, aka rufe bayan kwana biyu. Ƙarfi ba ta rasa ba. Tana ɗan lilo gefe da gefe, masu tafiya suka riƙa daidaita takunsu da lilon ba su sani ba, takun yana ƙara mata lilo. Sai da aka sa mata na'urorin shanye girgiza aka sake buɗewa a 2002. Wannan darasin motsin gini ne, shi ne kuma ƙofar lissafin girgizar ƙasa da iska a dogayen benaye. Digirin farko shafarsa kawai yake yi.

Kai da ka riga ka yi nisa a nan, zurfafawa ta fi maka sauƙi da saurin biya. In lakar ce ta shiga ranka, yawancin kwasa-kwasai suna barin mutum ya ɗauki darasi ɗaya ko biyu daga maƙwabta. Ka ɗauki na harsashi da na mu'amalar ƙasa da gini. Mutanen da suke jin yaren ɓangarorin biyu ba su da yawa, shi ya sa muke turo wa su Baba nauyin fila, su turo mana lamba, kowa ya ɗauka ɗayan ya duba sauran.

'Yar_Kwalbati ta rubuta:

Ƙanena, ni ɓangaren ruwa nake, ina tsakiyar digirin digirgir, don haka ba zan shiga tsakanin Baba da Injiniya ba. Sauran tambayoyinka zan taɓa.

Tsawon karatu ya danganta da inda ka nufa. A Birtaniya wata 12 ne cur, kiredit 180, 60 daga ciki na kundin bincike, wanda a zahiri wata uku zuwa huɗu na ƙarshe ne. A Jamus da Holan da yawancin Turai shekara biyu ne, kundin yakan ci zango guda. A Amurka akwai mai kundi akwai marar kundi, kuma in kana hangen digirin digirgir ko tallafin mataimakin bincike, mai kundin za ka nema. In niyyarka ka koma ofis da ƙarin ilimi, mai darussa ya wadatar. In kana son ka bi tambaya ɗaya har gindinta, shekara ɗaya gudu ce.

Sunan jami'a yana ruɗin mutane. Malamin da zai duba aikinka shi ne rabin karatun. Ka nemo takardu biyu ko uku da ya wallafa kwanan nan ka karanta, ko da rabi za ka gane. Ka nemi ɗalibansa na yanzu ka tambaye su a asirce: in an tura masa babi, yaushe yake dawowa da shi? Akwai babban farfesan da sai ka yi wata biyu ba ka sa shi a ido ba, akwai ƙaramin malamin da zai zauna da kai a lab har dare. Na san wadda ta ƙara shekara guda cur ba don komai ba sai don na'urar da aikinta ya dogara a kai ta lalace, kayan gyara kuma ba su zo ba. Saboda haka ka tambayi abin da ke aiki a lab, ba abin da ke cikin hoton talla ba, kuma ka gaisa da ma'aikacin lab da girmamawa tun ranar farko, shi ya san halin kowace na'ura.

Tallafi akwai, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Chevening na Birtaniya yana son shekara biyu na aiki, wanda kana da su, da alkawarin komawa gida bayan karatu. DAAD na Jamus yana da shirin ma'aikata daga ƙasashe masu tasowa, shi ma da sharaɗin shekara biyu. Ga Commonwealth, ga Erasmus Mundus. Yawancinsu kusan shekara guda kafin a fara karatu suke rufe karɓar takardu.

Lissafi kuma kada ya firgita ka, kowa da tsatsarsa yake zuwa. Ba duka za ka tono ba. Matiris, da kalkulas mai canji fiye da ɗaya, da ƙididdiga, su ne za su tare ka a makon farko. Dabarar matsewar lakar da Baba ya kawo, siffarta ɗaya da ta yaɗuwar zafi a ƙarfe, in ka gane ɗaya ka gane ɗayar. Ka koyi yaren kwamfuta na Python tun yanzu, awa ɗaya bayan isha ta isa. Manhajar OpenSees ta jami'ar Berkeley kyauta ce, haka HEC-RAS da EPANET a namu ɓangaren, ba sai ka jira lasisin makaranta ba.

Af, tunda kowa ya yi tallar hajarsa: ambaliyar da ake kira ta shekara 100 ba jira take shekara 100 ta cika ba. Kashi 1 cikin 100 ce a kowace shekara, wato a shekara 30 yiwuwar ta zo ko sau ɗaya ta kai kashi 26. Injiniyoyi da yawa suna auna kwalbati ba su taɓa zama sun yi wannan lissafin ba. In laka ta gundure ka, ƙofarmu a buɗe take.

Mai_Kwalkwali ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Injiniya Rodi, na karɓi fom ɗin rajistar, zan fara tara rahoton ayyukana ko da karatun ya zo a tsakiya. Injiniya Fila, maganar 1.35 ta same ni, ban taɓa tambayar kaina ba. Yaya, na fara duba malaman kamar yadda kika ce.

Zuciyata dai ta tsaya a ƙasa, da darasin FEM daga maƙwabta. Baba, in na ce bincikena a kan laka mai kumbura zai kasance, ku kuna ganin kwas mai shekara ɗaya zai ɗauka? Kuma me zan rubuta wa malamin da ban taɓa gani ba har ya kula ni?

Baba_Laka ya rubuta:

Laka mai kumbura ba take ba ne, ɗana, fage ne guda. Ana fama da ita a Texas, da Indiya, da Sudan, da Afirka ta Kudu, Ostareliya ma har ƙa'ida ta musamman suka yi wa harsashin gidaje saboda ita, AS 2870. In ka rubuta wa malami haka a dunƙule, zai san ba ka fara karatu ba. Ka matse shi ya zama tambaya ɗaya da za a iya aunawa. Misali, laka iri ɗaya, a gauraya ta da farar ƙasa kashi 2 da 4 da 6, a ga yadda ƙarfin kumburinta ke sauka, sannan a jiƙa a busar sau da yawa a ga ko maganin yana riƙewa. Na ƙarshen nan ne mutane suke tsallakewa don yana cin lokaci, shi ne kuma mai amfanin.

Wata huɗu ba za su ishe ka wannan ba, sai dai in malamin yana da samfura da bayanai a ajiye. In za ka bi yadda danshi ke hawa da sauka a fili, dole ka ga rani da damina duka, ka ga shekara biyu ke nan. Kafin nan ka karanta abin da Skempton ya kawo a 1953 na raba ma'aunin danƙon ƙasa da kason lakar da ke cikinta, wanda in ya haura 1.25 ka san kana da aiki. Daga nan ka shiga aikin Fredlund na Jami'ar Saskatchewan a kan ƙasar da ba ta ƙoshi da ruwa ba, don lissafin Terzaghi na ƙasar da ta ƙoshi ne, taka kuwa a saman ruwan ƙasa take.

Wasiƙar kada ta wuce rabin shafi. Wane ne kai a layi biyu, takardarsa da ka karanta da abin da ya tsaya maka a cikinta, tambayarka, sai ka liƙa sakamakonka na digirin farko. Ka kuma tambaye shi kai tsaye da me suke auna tsotson ruwa a ƙasa. In da takardar tace ce, Whatman lamba 42, kowane samfur sai ya kwana aƙalla bakwai a rufe kafin a auna, kuma ana buƙatar sikeli mai karanta 0.0001 na giram. Ka tambayi odomita nawa ne suke aiki, da ɗalibai nawa ne suke layi a kansu a watannin kundi.